Na'urar Musayar 'Yan Wasa ta ESPN: Amfaninta da Iyakarta Wajen Ƙiyasta Darajar Tsofaffin 'Yan Ƙwallon Kwando

Na shafe shekaru ina amfani da manhajar nan ta kamfanin ESPN mai suna Trade Machine, wadda masu bin gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka ke shiga domin su haɗa musayar 'yan wasa tsakanin ƙungiyoyi, su ga ko doka ta yarda da cinikin da suka ƙulla ko ba ta yarda ba. Kyauta ce, a wayar hannu ma tana buɗewa, kuma mutum ba ya buƙatar wani dogon koyo kafin ya fara aiki da ita. Abin da ya sa na ga ya dace a yi mata sharhi shi ne yadda jama'a ke ɗora mata nauyin da ba nata ba, musamman idan maganar tsohon ɗan wasa ta taso, wato wanda ya haura shekara talatin, sunansa ya cika duniya, albashinsa kuma ya kai ƙololuwa a daidai lokacin da ƙafafunsa suka fara nauyi.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa kaɗai zai yi mamakin dalilin da ya sa ake buƙatar irin wannan na'ura. A Turai, ƙungiya mai kuɗi takan zube kuɗi ta sayi ɗan wasa, shi ke nan magana ta ƙare. A NBA ba haka abin yake ba. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, dukkansu suna ƙarƙashin wata iyaka ta albashi da aka amince da ita tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, kuma a kakar 2024 zuwa 2025 wannan iyaka ta ɗan haura dala miliyan 140. Galibin ƙungiyoyin da ke neman kofi sun riga sun wuce ta, don haka idan suna son wani ɗan wasa, sai sun ba da wasu 'yan wasan da albashinsu ya yi kusa da nasa. Ga manyan kwantiragi, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kada albashin da ƙungiya za ta karɓa ya wuce kashi 125 cikin 100 na wanda ta fitar, sai ɗan ƙarin da aka yarda da shi. Akwai kuma wasu sharuɗɗa na lokaci, kamar yadda yawancin waɗanda suka sa hannu a sabon kwantiragi da bazara ba a iya musayarsu sai 15 ga Disamba.

A nan ne na'urar ta cancanci yabo, kuma ba zan rage mata komai ba. Mutum zai zaɓi ƙungiyoyi biyu, ko uku, ko huɗu, sai jerin 'yan wasan kowacce ya bayyana tare da albashinsu da shekarun da suka rage a kwantiraginsu. Yana taɓa sunan ɗan wasa, sai ya tura shi inda yake so, ya danna maɓallin gwaji. Nan take za ta faɗa masa ko cinikin ya halatta, idan kuma bai halatta ba ta nuna masa ƙungiyar da ta karɓi albashin da ya wuce ƙa'ida. Lissafin da a da sai lauyoyin ƙungiyoyi da ƙwararrun 'yan jarida ke iya yinsa ya zama abin da ɗalibi zai yi a kan tabarmarsa cikin minti biyu. Ni kaina a wajenta na fara fahimtar dalilin da ya sa ake cusa wani ɗan wasa da ba kowa ya san shi ba a cikin babbar musaya: ba wasansa ake so ba, albashinsa ake buƙata domin ma'auni ya daidaita. Wanda ya yi mako guda yana gwaje-gwaje da ita zai daina yawancin surutun da ake yi a majalisa na cewa ƙungiya kaza ta ɗauko wane kawai, domin zai gane cewa kuɗi kaɗai ba sa kawo ɗan wasa a wannan gasa.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da ta rubuta cewa ciniki ya yiwu. Ba na manta daren 25 ga Maris na 2021, ranar da aka rufe kasuwar musaya ta wannan kakar, wadda annobar korona ta sa aka jinkirta ta daga watan Fabrairu da aka saba. Ƙarfe 8 na dare agogon Najeriya za a rufe, muna zaune a ƙofar gida bayan sallar Magariba tare da wani abokina mai goyon bayan Toronto Raptors, kowa da wayarsa a hannu. Maganar Kyle Lowry ake yi, wanda a ranar ce ya cika shekara 35, kwantiraginsa kuma saura 'yan watanni ya ƙare. Abokin nawa ya haɗa ciniki da Miami, ya kwaso matasa biyu da ƙungiyar ke ji da su, ya ƙara da waɗanda za su cike giɓin albashi, ya danna, sannan ya miƙo mini wayar har kusa da hancina yana cewa, "Duba nan, malam, ta amince, me ya rage kuma?" Na ce masa abin da ya rage shi ne mutanen Miami su amince. Ƙarfe 8 ta buga ba a musanya Lowry ba. Sai a watan Agusta ya koma Miami ɗin, abin da Toronto ta samu kuwa shi ne Goran Dragic, wanda shi ma shekarunsa 35, da matashi Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal. Lowry shi ne ɗan wasan da da yawa ke ɗauka a matsayin mafi girma a tarihin ƙungiyar, yana cikin waɗanda suka ɗauko mata kofin 2019, amma kasuwa ba ta biya ko sisi a kan wannan tarihi ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ciniki ya san akwai taya, akwai albarka, akwai sallamawa. Na'urar ba ta da bakin da za ta ce albarka. Tambaya ɗaya aka gina ta domin amsawa, wato ko doka ta yarda, kuma tana amsa ta yadda ya kamata. Tambayar ko shugaban ɗaya ƙungiyar zai saurari tayin ko zai kashe waya, wannan ba ya cikin aikinta. Masu goyon bayan ƙungiya kuwa so ya hana su ganin laifi, suna kallon ɗan wasansu da idon shekarun da ya yi musu bajinta, alhali mai saye yana kallon shekarun da ke gaba ne kawai.

Babu misalin da ya fi fito da wannan fili kamar Kevin Durant, domin mutum ɗaya ne aka yi cinikinsa sau biyu cikin shekara biyu da rabi. A Fabrairun 2023, yana da shekara 34, Brooklyn Nets ta miƙa shi ga Phoenix Suns. Abin da Phoenix ta bayar ya haɗa da Mikal Bridges da Cam Johnson da Jae Crowder, da guraben zaɓen sababbin 'yan wasa na zagayen farko har guda huɗu, na 2023 da 2025 da 2027 da 2029, ba tare da wani sharaɗin kariya ba, wato sharaɗin da ke barin ƙungiyar da ta ba da gurbi ta riƙe abinta idan ya faɗo a sahun gaba, da kuma damar musanya gurbin 2028. Gurbi a nan shi ne damar ɗaukar sabon matashi a zaɓen da gasar ke yi kowace shekara cikin zagaye biyu. Da bazarar 2025, yana da shekara 36, Phoenix ta miƙa shi ga Houston Rockets, ta karɓi Jalen Green da Dillon Brooks da gurbi na 10 a zaɓen wannan shekarar, da gurabe biyar na zagaye na biyu. Abin da ya fi taɓa ni a wannan ciniki shi ne gurbin nan na 10, wanda aka ɗauki Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu da shi, asalinsa na Phoenix ne, yana cikin huɗun da ta bai wa Brooklyn tun farko, daga can ya faɗa hannun Houston. Wato ta sayar da Durant ne aka biya ta da wani ɓangare na kayanta.

Wasan Durant bai lalace ba a tsakanin cinikin biyu, domin har kakarsa ta ƙarshe a Phoenix yana zura maki sama da 25 a kowane wasa. Abin da ya sauya yana wajen fili. A 2023 akwai sauran shekaru uku cur a kwantiraginsa bayan wannan kakar, don haka mai saye ya san zai daɗe yana cin moriyarsa. A 2025 shekara ɗaya ta rage, kuma duk ƙungiyar da ba ya so ya je ta san zai iya barinta bayan kaka guda, wanda hakan ya rage yawan masu taya. A 2023 Phoenix ta samu sabon mai gida, Mat Ishbia, wanda ya karɓi ƙungiyar kwanaki kaɗan kafin cinikin, yana ɗokin ya nuna wa gari da gaske ya zo. A 2025 kuwa ita ce ke cikin matsi, ta ci wasa 36 ta sha kashi a 46, ba ta kai wasannin neman kofi ba, albashi ya yi mata katutu, kowa kuma ya san dole ta sayar. Idan aka saka cinikin biyu a na'ura, amsar da za ta bayar iri ɗaya ce, alhali tsakanin farashin biyu akwai tazarar gurabe uku na zagayen farko da matasa biyu da ake rububinsu. Cinikin na biyu ma daga ƙarshe ya faɗaɗa har ya haɗa ƙungiyoyi bakwai, abin da ya wuce adadin da allon na'urar ke ɗauka.

Wannan ya kawo ni ga giɓin da na fi gani a tsarin da aka san ta da shi tun da daɗewa, wato an gina ta ne a kan 'yan wasa da albashinsu, guraben zaɓe kuwa ba su da albashi, don haka ba sa cikin lissafinta. Amma a cinikin tsohon ɗan wasa, guraben nan su ne ainihin kuɗin da ake biya. Ƙungiyar da ta yanke shawarar rushe gini ta sake sabo ba ta neman wani tsoho a madadin tsohonta, tana neman damar ɗaukar matasa ne a shekarun da ke tafe. A 2013 Boston Celtics ta bai wa Brooklyn Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai shekara 35, tare da Jason Terry. 'Yan wasan da Boston ta karɓa a ranar kusan duk an manta da su, amma ta karɓi guraben zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018 da damar musanya na 2017. Ta wannan hanya ta samu Jaylen Brown a 2016 da Jayson Tatum a 2017, su ne kuma suka ɗauko mata kofi a 2024. Wanda ya kalli wannan ciniki ta fuskar sunayen 'yan wasa kaɗai zai rantse cewa Brooklyn ce ta ci riba. Haka kuma guraben suna da dokokinsu: ba a sayar da gurbin da ya wuce shekara bakwai nan gaba, kuma akwai ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Ted Stepien, tsohon mai ƙungiyar Cleveland a farkon shekarun 1980, wadda ta hana ƙungiya ta wayi gari ba ta da gurbin zagayen farko shekara biyu a jere. Shi ya sa ake ganin gurabe na tsallake shekara, 2025 sai 2027 sai 2029. Ta wannan ɓangare, na'urar Fanspo, wadda ke barin mutum ya saka gurabe a cikin ciniki, ta fi dacewa da mai son ya kusanci gaskiyar kasuwa.

Na'urar ta ESPN ta yi suna kuma da wani ƙiyasi da take haɗawa da sakamako, na yawan wasannin da kowace ƙungiya za ta ƙara ci ko ta rasa, bisa ma'aunin PER na John Hollinger, wanda ya yi aiki a kamfanin kafin ya koma ƙungiyar Memphis a 2012. Ma'auni ne mai amfani, yana tattara abin da ɗan wasa ya yi a kowane minti ya mayar da shi lamba ɗaya, matsakaicin ɗan wasa yana kan 15. Sai dai abin da ya riga ya wuce yake aunawa, kuma bai cika kama ƙwazon tsaron gida ba. Ga matashi mai shekara 23, bara takan zama ƙasan abin da zai yi bana. Ga mai shekara 35, bara kan iya zama kakarsa mai kyau ta ƙarshe. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya yi wa Houston kaka 17, ya ɗauko mata kofi a 1994 da 1995. A Agustan 2001, yana da shekara 38, aka miƙa shi ga Toronto a kan gurbi ɗaya na zagayen farko da ɗaya na zagaye na biyu. Kaka ɗaya ya buga a can, yana zura maki kusan 7 a wasa, sannan ya yi ritaya. A lokacin mutane sun ga kamar an yi wa gwarzo wulaƙanci da wannan farashi, amma idan aka duba abin da ya biyo baya, ba za a ce Houston ta yi asara ba, ko da yake har yau zuciyata ba ta son ganin hotonsa cikin rigar da ba ta Houston ba.

Akwai ma matakin da darajar tsohon ɗan wasa ke faɗuwa ƙasa da babu, inda sai ƙungiyarsa ta haɗa da tukuici kafin a karɓe shi. A ƙarshen 2020 Philadelphia ta ɗora gurbin zagayen farko a kan Al Horford, mai shekara 34, domin Oklahoma City ta yarda ta ɗauki nauyin kwantiraginsa. Bayan 'yan watanni Oklahoma ta mayar da shi Boston, ta karɓi Kemba Walker, wanda gwiwa ta riga ta dame shi, tare da gurbi na 16 a zaɓen 2021, wato ta ci lada a shigowa ta ci a fita. Horford kuwa ya nuna tsohon doki mai sane ne, domin ya ci gaba da yi wa Boston aiki har suka ɗauki kofin 2024. Wannan yana tuna mini cewa ƙarancin farashi a kasuwa ba ya nufin mutum ya ƙare, yana nufin albashinsa ne bai dace da halin da ƙungiyarsa ke ciki ba, kuma mutanen nan da muke turawa daga gari zuwa gari da ɗan yatsa suna da iyalai da 'ya'ya a makaranta.

Ra'ayin ɗan wasan shi kansa yana karya farashi, na'ura kuma ba ta da hanyar auna shi. A lokacin da yake Washington, Bradley Beal yana da sharaɗi a kwantiraginsa da ya hana a musanya shi sai da yardarsa, don haka da Washington ta tashi rabuwa da shi a 2023, shi ya zaɓi Phoenix, ita kuwa ta tashi da Chris Paul da Landry Shamet da guraben zagaye na biyu da damar musanya wasu gurabe. Jimmy Butler ya yi tsamin dangantaka da Miami har aka dakatar da shi fiye da sau ɗaya, kuma da aka miƙa shi ga Golden State a Fabrairun 2025, yana da shekara 35, gurbi ɗaya ne kacal na zagayen farko ya biyo Andrew Wiggins da sauran waɗanda aka bayar.

Lokacin sayarwa shi ne abin da na fi ganin ana gardama a kansa tsakanin masu bin Toronto a ƙasar nan, kuma ba mamaki, tunda Masai Ujiri, wanda ya jagoranci ƙungiyar daga 2013 zuwa 2025, a Zariya ya tashi. Shi ne ya yi ƙarfin halin ba da DeMar DeRozan a 2018 domin ya samu Kawhi Leonard, wanda shekara ɗaya ta rage masa, cacar da ta haifar da kofin 2019. Amma bayan haka ya riƙe jaruman nan har kwantiraginsu ya zo gaɓa. Fred VanVleet ya tafi Houston a 2023 ba tare da Toronto ta samu komai ba. Pascal Siakam ɗan Kamaru an miƙa shi ga Indiana a Janairun 2024, saura 'yan watanni kwantiraginsa ya ƙare, aka karɓi Bruce Brown da Jordan Nwora da Kira Lewis da gurabe uku na zagayen farko, waɗanda biyunsu na zaɓen 2024 ne kuma ba sa sahun gaba. A ganina da an sayar shekara guda kafin nan da an samu fiye da haka, duk da na fahimci nauyin da ke kan mutumin da zai rabu da waɗanda ya yi renonsu da hannunsa.

Tun yarjejeniyar 2023 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, kasuwar tsofaffi ta ƙara tsukewa, kuma mai amfani da kowace irin na'ura ya kamata ya riƙe wannan a ransa. Yanzu akwai shinge biyu a saman iyakar harajin albashi, wato matakin da ƙungiya ke fara biyan haraji idan albashinta ya haura shi. Ƙungiyar da ta haura na farko ba ta karɓar albashin da ya fi wanda ta fitar, wadda ta haura na biyu kuwa, wanda ya kusa dala miliyan 189 a kakar 2024 zuwa 2025, ba ta iya haɗa albashin mutum biyu ko uku domin ta ɗauko mai babban albashi, ba ta kuma iya ƙarawa da tsabar kuɗi. Waɗannan ƙungiyoyi su ne a da ke rububin tsohon gwarzo domin ya cike musu abin da ya rage, yanzu da yawansu hannunsu a ɗaure yake, masu taya sun ragu, farashi ya bi su.

Ina ba duk mai sha'awar wannan wasa shawarar ya yi amfani da Trade Machine, musamman sabon shiga da ke son ya gane yadda albashi ke juya gasar, domin a wannan fanni ban ga abin da ya kai ta sauƙi ba. Yadda nake yi da ita yanzu shi ne, idan ta ce ciniki ya halatta, sai in ɗauko takarda in rubuta shekarun ɗan wasan, da shekarun da suka rage a kwantiraginsa, da wasannin da rauni ya hana shi bugawa a kaka biyu da suka wuce, da adadin ƙungiyoyin da doka ta bar su su taya shi, da kuma guraben da kowaccensu ke da ikon bayarwa. Daga nan sai in koma kujerar shugaban ɗaya ƙungiyar, in karanta tayin kamar ni aka kawo wa shi. Yawancin cinikin da nake ƙullawa a nan suke mutuwa, waɗanda suka tsira kuwa kusan kullum sukan ƙunshi matashi ɗaya matsakaici, da kwantiragi mai ƙarewa domin cike albashi, da gurbi ɗaya na zagayen farko mai sharaɗin kariya. Ranar rufe kasuwa a farkon Fabrairu, ƙarfe 9 na dare agogon Najeriya, takardar nan takan kasance a gefena tare da wayar.